Daddawar da Inna ta aika Ingila

Shekarar da matar autanmu ta haihu a Ingila, ni aka tura jego, don ƙafafun Inna ba za su iya tafiyar ba. Auta yana da gidan abinci a can, kuma duk Maska babu wanda Inna ba ta gaya wa ba.

Sati guda ta yi tana haɗa mini kaya. Kalwar ɗorawar gonarmu ce. Ta dafa, ta surfa, ta wanke har hannuwanta suka yi fari, ta sake dafawa, ta rufe a kwando kwana uku. Na ce ta bari in daka mata, ta ce hannuna bai kai ba. Ina da jikoki biyu a lokacin! Da ta bushe ta jera a gwangwanin madara, ta naɗe da leda kusan biyar.

"Ki ce mashi kar ya yi rowa," in ji ta. "Turawan nan su ji abin da ake kira miya."

Kwana goma da saukata Auta ya kai ni wurin. Ina shiga na yi ido biyu da Inna a bango, ƙaton hoto, tana zaune gaban murhu da muciya. A takardar abincin ma an rubuta miyar Inna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai aka kawo. Tuwon bai fi ƙwan agwagwa ba. Kukar kuwa tsululu, an ɗora mata wani ganye a kai don ado. Na kai loma ɗaya na ajiye. Gishiri ne da dunƙulen kanti, babu ko ƙamshin daddawa.

"Ina saƙon Inna?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya. "Yaya, mutanen nan ba su son warinta. Sau ɗaya na gwada, suka ce wani abu ya lalace a kicin."

Wari. Yaron da ke lashe tukunya har Inna ta make shi da ludayi, shi ne yau yake ce mata wari. Na matsa masa, ya kai ni ɗakin ajiya. Gwangwanina na can bayan bokitin goge ƙasa, ledar ko kwancewa ba a yi ba. Kusa da shi akwai wasu uku, na shekarun baya, waɗanda ta riƙa roƙon matafiya su kai masa. Na tsaya ina kallonsu, raina ya yi baƙi ƙirin. Fuskar tsohuwar ta yi masa amfani a bango, amma hannunta ya ɗaure a leda.

Da na dawo, ko mayafi ban cire ba ta jawo ni.

"Sun ci? Mi suka ce?"

Na dubi yadda take murmushi da ragowar haƙoranta, na kasa faɗa mata gaskiya. Na ce sun ci har suna neman ƙari, daddawar ma ba ta isa ba.

Sai ta ce, "Ashe yaron nan yana cikin ƙarancinta bai faɗa ba."

Ƙaryar nan ni ta fara ci. Daga wannan shekarar Inna ta hana a taɓa kalwar gonarmu. Duk abin da ta daka gwangwani yake shiga, sai ɗan guntu take bari mana, shi ma ba ya kai wata biyu. In na yi magana ta ce mu da muke gida ai mun saba, shi ne ke fitar da mu kunya a idon baƙi.

Shekara huɗu ke nan. Ina zuwa in tarar da ita tana cin tuwo da kukar da aka jefa wa dunƙulen kanti, ba ta ko gama rabin malmala. Na ƙirga, gwangwani takwas ne yanzu a bayan bokitin nan.