Karafan na Mutum Biyu

Shekarar da korona ta kulle mu a unguwar Madinat Khalifa, can ƙasar Larabawa, ni da matata muka kamu da son karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa sahara lokacin sanyi. Maƙwabcinmu yana da guda, kullum muna leƙensa ta taga kamar mayunwata. Zaman banza ya sa muka mai da girmansa abin gardama. Ni ƙarami nake so, wanda tsohuwar motata za ta ja ba ta yi tari ba. Ita kuwa sai babba, mai gadon yara sama da ƙasa.

Yaran kuwa babu su. Mun daɗe da aure Allah bai kawo ba, ga asibitin da muke zuwa ya ɗage ganin likita sai baba-ta-gani. In na ce babba zai kafe a yashi, sai ta ce, "Malam, ai rigar yaro da girma ake ɗinka ta." Sai tausayinta ya kama ni.

Da annoba ta lafa muka koma asibiti, aka gwada duk abin da za a gwada. Ana tsakiyar gasar ƙwallon duniya, gari ya cika da baƙi da ganguna, likita ta zaunar da mu ta ce mu haƙura. Ranar har masu rawa a titi na ji haushinsu.

Bayan baƙi sun watse na kai matata Sana'iyya, unguwar masana'antu, wurin wani mutumin Sudan mai ƙera karafan. Na riga na ƙudura babban zan saya, ko da motar za ta mutu a hanya. Ya tambaya mutum nawa ne. Kafin in buɗe baki ta ce, "Biyu."

Ya shiga da mu wani ƙarami, kaina na taɓa rufin. Ya ɗaga wani benci a jikin bango, ya nuna yadda yake zama ɗan gado. "In Allah ya kawo ƙaruwa," in ji shi, yana murmushi.

Ta juyo ta ce mini da Hausa, "Ce masa ya cire, ya sa kabad."

Na ce ai ba ya tare wuri, a bar shi.

"Malam, ba zan iya kwana ina kallonsa ba."

Na gaya masa. Muna tsaye ya ɗauko sukuddireba ya kwance shi, ya fitar ya jingine a tsakar gareji.