Harafin da Na Manta

Shekara talatin da shida ke nan da rasuwar abokina Tukur, sai yau na iya faɗin abin da na yi masa.

Lokacin muna Jihar Sakkwato. Ni akawu ne a wani ƙaramin ofishin binciken kifi a Yelwa, shi kuma mai kula da kwamfutarmu guda ɗaya tilo. Ba irin ta yau ba ce da ake dangwala hoto. Baƙin gilashi ne, sai ka buga mata umarni harafi-harafi, aikinka kuma a kaset ake adana shi. Akwai umarnin mayar da kaset farko, akwai na fitar da shi, Tukur kuwa bai yarda a zaro shi da hannu ba. "Tambaye ta, ita za ta miƙo maka," in ji shi. Da zai ga yadda jikokina ke fizge filash daga kwamfuta, da ya riƙe baki.

Bagunge ne, wato ɗan ƙabilar tsibiran kogi, an haife shi a wani tsibiri da ruwan madatsar Kainji ya cinye. Duk Asabar yakan bi tsofaffi a Ngaski da Shanga, yana rubuta sunayen tsibiran da suka nutse da na mutanen da aka binne a cikinsu, Litinin ya zuba a kaset. Ya sha ja mini kunne a kan harafi ɗaya, "n", da ake sawa gaban sunan na'urar. In ka manta shi, kaset ya koma farko a ɓoye, sabon aiki ya hau kan tsoho ya shafe shi. Ni kuwa sai in ce ya cika wa'azi.

Kwalekwale ya kife da shi a hanyar Wara, da shi da littafin da yake rubuta sunayen a ciki. Sati biyu bayan haka aka sa ni adana rahoton awon kifi. Kaset ɗinsa kawai ke da sauran wuri. Idona cike da hawaye na buga umarnin, ban sa "n" ba. Aikin shekara huɗu ya tafi ina zaune ina kallo.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarsa ta zo ofis, tsohuwa mai dogara sanda.

"Ɗana, an ce min sunayen mutanenmu na cikin abin ga. Na babana shina ciki?"

"Shina ciki, Inna."

Na buga umarni, na'ura ta miƙo kaset, na sa mata a hannu.

Tsofaffin da suka ba shi sunayen duk sun rasu. Ni bakwai kawai na riƙe, su nake karanta wa Fatiha tare da nasa. Allah Ya jiƙanka, Tukur, ka yafe mini. Inna ta yi shekara tara tana fito da kaset ɗin daga adaka duk ranar Sallah, ta shafa shi ta yi addu'a. Har ta koma ga Allah ban gaya mata awon kifi take shafawa ba.