Tafiyata Riyad Duba Gwiwar Ɗan Takara

Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan abin da ke ɗaga ƙasa da abin da ke kayar da ita. Wasu sun ce adalci, wasu sun ce ƙarfin soja, wasu sun ce farashin hatsi. Da izininsu, duk sun yi kuskure. Makomar al'umma tana rataye ne a gwiwar mai neman shugabancin ƙasa: a rufe take ko a buɗe. Wannan babban bincike ne ya fitar da ni daga Buraida ta ƙasar Saudiyya, inda nake koyar da Turanci a wata kwaleji, ya kai ni Riyad.

Ga mafarin zancen. Kawuna Malam Sani, ƙanin mahaifiyata, shi ne limamin masallacin Juma'a na unguwarmu a gida tun ina firamare. Cikin 'yan takarar bana akwai wani mai sha'awar gudun fanfalaki, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Gudu. Abokan hamayya suka tono wani tsohon hotonsa da gajeren wando, suka baza a wayoyi. Alhaji Ɗanlami, shugaban kwamitin masallaci kuma jigo a ɗaya jam'iyyar, ya taka har zauren Kawu ya nemi a faɗa a huɗuba cewa zaɓen mai bayyana al'aura bai halatta ba. Kawu ya ce mumbari ba dandalin kamfen ba ne. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin an saye shi, kwamiti ya sa ranar zama a kan limancinsa. Gidan da Kawu ke ciki da iyalinsa kuwa na masallaci ne.

"Na ji mutumin zai yi gudu a can ƙasarku ranar Asabar," in ji Kawu a waya. "Ka je ka gano mini. In yanzu yana rufewa, ka aiko hoto in nuna musu, su bar ni in ja sallata."

"Kawu, in kuma a buɗe take fa?"

"To ka ga ka sha iska."

Juma'a: Buraida zuwa Malaz

Na fito tun kafin kiran assalatu, na sami motar wani Basudane mai ɗaukar fasinja zuwa Riyad, ya zuba mu huɗu a ciki. Mun yi asuba a wani gidan mai, muka karya da burodin tamis da wake da shayi mai madara. A shingen bincike ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Iƙama." Muka miƙa katunan zamanmu, ya duba, ya mayar. Bai tambaye mu abin da muka kawo masa ba.

Kilomita ɗari uku da ɗoriya muka yi ban ji taya ta faɗa rami ko sau ɗaya ba. Sai na tuna hanyar garinmu zuwa asibitin ƙaramar hukuma, wadda mai naƙuda kan haihu a kanta kafin a isa. Shekara da shekaru ban ji kwamitin masallacinmu ya sa ranar zama a kan wannan hanya ba. Amma an sa a kan wando.

Da hantsi na sauka unguwar Malaz a Riyad, gidan Habu, abokina tun sakandare, mai haɗa magunguna a wani asibiti. Na zayyana masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har ya riƙe bango.

"Wato digirinka biyu, a ƙarshe ka zama sufeton gwiwa."

"Kai dai ba ni tabarma."

"Ka zo da tef ɗin awo, ko da ido za ka yanke hukunci?"

Mun yi Juma'a a masallacin unguwar. Huɗubar a kan riƙon amana ce, aka gama ba a ambaci sunan kowa ba.

Batha da Al-Oud

Bayan la'asar muka gangara kasuwar Batha, domin wayata ba ta ɗaukar hoto daga nesa, Habu kuma ya san wani ɗan Bangaladash mai ba da hayar kyamara. Ranar Juma'a Batha ba masaka tsinke, duk wani baƙon ma'aikaci a birnin ya fito aika kuɗi gida. Muka karɓi kyamara, muka ratsa zuwa unguwar Al-Oud, gidan wata Hajiya mai tuwon shinkafa da miyar kuka. A nan muka haɗu da Laminu, mutumin Maraɗi, direban wani gida, wanda ya yi alkawarin kai mu wajen gudu da safe tunda maigidansa ba ya gari. Da ya ji labarina sai ya ajiye loma.

"Ku mutanen Najeriya akwai ku da neman magana. Mu can ɗan kokawa da walki yake shiga fili, kuma malam ne ke buɗe taron da addu'a."

"Ai ɗan kokawa ba ya neman ƙuri'a," in ji Habu.

"Shi ya sa ba a duba mishi gwiwa kenan."

Masaukin Ɗan Takara

Bayan magariba muka nufi otal ɗin da tawagar ta sauka, can arewacin gari, ko Allah zai sa in ji zancen wandon tun yau in huta. Ba mu ga Mai Gudu ba, an ce yana hutun ƙafa. Wanda ya sauko wani hadiminsa ne da ake kira Honorabul, da carbi mai dubu a wuyan hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

Na tambaye shi me mai gidansa ya tanadar wa makarantun gwamnati, tunda ni malami ne.

"Malam, Oga ba ya wasa da nafila. Azumin Litinin da Alhamis kuwa, sai dai in likita ya hana."

"Na ji. Makarantun fa?"

"Ai wanda ya riƙe Allah ya riƙe komai. Gobe ma za mu sanar a gida cewa Oga yana ƙasa mai tsarki."

Na ce masa tsakanin nan da Makka wuni guda ne a mota, kuma ba a ɗaura harami don a zo Riyad.

"Wa ke da taswira a ƙauye, Malam?"

Da na tambayi wandon da za a sa, sai ya sassauta murya ya ce an kafa kwamiti a kai, da malamai biyu a ciki, kuma sakamakon sirrin kamfen ne. Na fito raina a ɓace. Can gida ana sayar da addini don a kayar da mutumin, nan kuma ana sayar da shi don a ɗaga shi. Kasuwa ɗaya ce, rumfuna ne daban.

Asabar: Bakin Titi

Laminu ya ɗauke mu bayan asuba, da sanyin nan na Riyad mai shiga ƙashi. An rufe tituna, ya ajiye mu nesa, muka ƙarasa a ƙafa, muka tsaya jikin shingen ƙarfe a wata kwana. 'Yan Habasha da 'yan Kenya suka fara wucewa kamar an biyo su. Bayansu dubban mutane: Larabawa, Turawa, 'yan Filifin, mata da mayafi da marasa shi, har da wani tsoho mai gemu fari fat. Ba wanda ke kallon ƙafar kowa sai ni.

Rana ta ɗaga sosai kafin Habu ya taɓa ni. "Ga mutuminka."

Na durƙusa don in daidaita da abin da aka aiko ni. Wani ma'aikacin tsaro ya matso ya ce, "Esh fi, ya hajj?", wato lafiya dai, Alhaji? Ban san yadda ake bayyana wa Balarabe cewa gidan kawuna ya dogara da wannan durƙuso ba, sai na ce masa ƙafata ke ciwo. Mai Gudu ya hango hulunanmu, ya ɗaga hannu, yana haki ya ce, "Sannunku 'yan gida." Ya wuce.

Ga sakamakon kwamitinsu: gajeren wando a sama, matsattsen baƙin dogon wando a ƙarƙashinsa har idon sawu.

"A rufe take," na ce.

"A rufe, amma ta fito da siffa," in ji Habu. "Ka buɗe wa Alhaji Ɗanlami sabon babi. Sai an kai wata ana gardamar makaruhi ne ko haramun."

Na tura wa Kawu hoton nan take. Ba a jima ba ya kira.

"Na ga ƙafafu. Ina mai su?"

Na duba. Garin kiyaye amana na yanke mutumin daga ƙugu. Kawu ya ce ko shi aka kawo wa wannan shaida ba zai karɓa ba.

Haka muka bi ta bayan gine-gine muna neman inda ake ƙare gudun, ni da Habu, dukanmu masu tumbi, muna sassarfa muna tsayawa. Abin da zan faɗa don adalci shi ne, mutumin ya gama gudunsa kaf, bai shiga mota a hanya ba. Ya iso yana jan ƙafa, fuskarsa ta yi fari da gishirin gumi, ya tsallake layi ya yi sujada a kan kwalta. Ko don Allah ya yi, ko don Honorabul da ke tsaye da masu kyamara uku, wannan ba a aiko ni dubawa ba. Na ɗauke shi yana miƙewa, daga kai har takalmi, na tura.

"Yauwa," in ji Kawu. "Allah ya yi maka albarka. Wannan ko makaho ya shafa ya ji wando."

Komawa

Muka mayar da kyamara Batha, muka ci shinkafar kabsa da kaza, na yi sallama da Habu, na sami motar Buraida. Na isa ɗakina kafin isha, cinyoyina suna zugi kamar ni na yi gudun. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Habu da ya ba ni masauki da baƙar magana, da Laminu da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Kwamiti ya ga hoton, ya ɗage zamansa, muka ce ƙura ta lafa. Cikin makon Alhaji Ɗanlami ya saɓa da mutanensa a kan rabon muƙamai, ya koma jam'iyyar Mai Gudu da magoya bayansa. Ya sake takawa zauren Kawu, wannan karon yana neman a yi wa bawan Allah mai suturta jikinsa addu'ar nasara a huɗuba. Kawu ya ce mumbari ba dandalin kamfen ba ne.

An sauke Kawu daga limanci ranar Juma'ar da ta biyo baya. Hoton da na ɗauka shi ne a fastar kamfen ɗin Mai Gudu da ke manne a ƙofar masallacin.