Aska Mai Dalma a Ƙota

Mahaifina wanzami ne, kuma a Makera ta wancan zamani, tun Turawa ba su tafi ba, da wuya ka sami kan da askarsa ba ta taɓa hawa ba. Ma'aikatan reluwe, mahauta, dillalai, har Kiristocin da suka zo neman aiki daga kudancin Zazzau, duk gindin mangwaron ƙofar gidanmu suke zuwa su tsuguna. Ni ban gaje shi ba. Da aka buɗe masaƙa a Kakuri sai na tafi na kama aiki a can, abin da bai gama yafe mini ba har ya koma ga Allah. In na taso da auduga a gira sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sannu da zuwa, Bature.”

A hankali hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari sai ya ɗauki moɗa ne za ka ga ruwan yana kaɗawa. Da kansa ya bar kaciya da cire belu, ya ce wa mutane idonsa ne ya yi rauni, aka bar maganar a haka saboda girmansa. Wani wanzami Bakano da ya shimfiɗa tabarma a bakin tasha shi ya kwashe waɗannan ayyuka. Aski kam Baba ya riƙe shi. Amma mutane ba makafi ba ne. Waɗanda suka saba zuwa kowace Juma'a suka koma zagayawa ta bayan layi, hula a danne, kai fes da aikin wani.

Baba bai yarda laifin hannunsa ne ba. Cewa ya yi askar ce ta yi masa sakayau, ba ta da nauyin da zai zaunar da hannu. Wata Lahadi da ba ni da aiki ya ce in raka shi wurin maƙerin da ya shekara talatin yana masa ƙira, wani dattijo tsaransa mai ƙarancin magana. Baba ya tsuguna gaban maƙera ya ɗauki tsinke ya shiga zane a ƙasa. Yana son aska mai naɗewa, wadda kaifinta zai koma cikin ƙota ya kwanta, irin ta kantin Turawa da ya saba kushewa. Ya ce don kada yara su taɓa ne. Ni na san dalili, domin sau biyu na gan shi yana neman bakin kube da tsohuwar askarsa ya yanke yatsa.

Bai bar wa maƙerin komai ya zaɓa ba. Ƙarfen ya zama na tsohon magagari, tsawonsa kamar yatsan tsakiya, bayansa da kauri. A bar masa wutsiya ta wuce ƙusar da za ta haɗa shi da ƙota, a lanƙwasa ta yadda ƙaramin yatsa zai maƙale. Ƙotar ta ƙahon sa, ɓari biyu, a rarake ƙarshenta a zuba narkakkiyar dalma. Ƙusar ta tagulla, a matse ta sosai kada kaifin ya riƙa lilo. Maƙerin ya gama saurare, ya miƙa hannu ya ɗebo ɗanyen yumɓu ya ce, “Damƙe wannan yadda kake riƙe aska, in ga gurbin yatsunka.” Baba ya damƙe ya miƙa masa. Sawun yatsun ya fito a dame, kowane gurbi ya yi biyu. Maƙerin ya daɗe yana juya yumɓun, ya ɗago ya dube ni, na kau da kai.

Sau biyu ana mayar masa da aikin. Na farko Baba ya ce dalmar ta yi yawa, na biyu ya ce ƙusar ta saki. A na uku ya buɗe ta, ya naɗe, ya sake buɗewa, ya ɗora ta a tafin hannu yana murmushi kamar wanda aka yi wa amarya. Gaskiya ta yi kyau. Ƙahon ya sha shafa har yana ɗaukar ido, kuma in an naɗe ta sai ka ji wani ɗan ƙas mai daɗi. A hanyarmu ta komawa ne ya gaya mini abin da ya tanade ta dominsa. Matata tana da tsohon ciki, na fari. Ya ce, “Da ita zan yi wa abokina askin suna.”

Kafin nan sai an gwada, kuma kaina ne mafi kusa. Ya zaunar da ni gindin mangwaro, ya jiƙa mini gashi, ya wasa ta a fata. Nauyin dalmar bai hana komai ba, sai ma ya sa in hannun ya zille kaifin ya sauka da ƙarfi. Sau uku na ji zafi a ƙeya, na cije. Shi ba ya lura, ko kuwa ba ya son lura, yana ta share wurin da hannun rigarsa yana yabon maƙeri. Da ya gama ya zagayo gabana ya ce, “Yaya ka ji ta?” Na dubi fuskar tsohon nan, rabon da in gan ta a sake haka an fi shekara. Na ce, “Kamar ba a taɓa ni ba, Baba.” Na kifa hula na tashi. Duk ƙaryar da na yi a rayuwata babu wadda nake jin haushinta kamar wannan.

Matata ce ta gani da hantsi, ina alwala na cire hula. Ta tsaya a kaina da tulun cikinta ta ƙirga da yatsa, ta ce, “Malam, wannan kan babban mutum ne fa.” Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, ni ma na gane sauran. Ita suruka ce, ko ido ba ta haɗawa da Baba. Ni kuwa ɗan fari ne za a haifa mini, kuma a gidanmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka nuna ka san da shi. Mutum ya buɗe baki ya ce wa ubansa ina tsoron ka yanke mini ɗa, ai ya gama zubar da kunyarsa, ya kuma gaya wa tsohon cewa ya ƙare, duk a numfashi ɗaya.

Da al'ada aka bi, gidan iyayenta za ta je ta haihu, da wanzamin garinsu ya raba mu da wannan. To damina ce, garin da nisa, hanya ta yanke, sai aka ɗauko gwaggona ta zo ta zauna da ita. Aka haifi namiji ranar Talata. Na sami Gwaggo a madafa na yi ta kewaye-kewaye, na ce ko za a bar Baba ya huta, tun da hidima za ta yi masa yawa. Ta ajiye muciya ta ce, “Jikan wanzami a kai wa wanzamin tasha? Kai da bakinka? Tashi ka ba ni wuri, marar kunya.” Na koma wurin maƙerin, ko shi zai yi wa abokinsa magana. Ya ci gaba da zuga wutarsa ya ce, “Ni ƙarfe na iya tanƙwarawa.”

Ranar suna da sassafe liman ya yi addu'a, aka raba goro, aka yanka rago. Ni kuma abokaina suka ja ni ɗakin ɗayansu, gida biyu tsakani, don ba a ganin uban ɗan fari a irin wannan rana. Suna ta tsokanata, wai angon ƙarni ya ƙi cin waina. Ina zaune bakin gado, kunnena yana gidanmu. Na san duk abin da ake yi: Gwaggo ta miƙe ƙafa ta kwantar da jaririn a cinya, an kawo ruwan ɗumi a ƙwarya, Baba ya buɗe zabira. Aka fara kuka. Kowane jariri yana kuka a askin suna, na gaya wa kaina haka ya fi sau goma. Can sai kukan ya ɗauke, ya dawo da wata irin murya, na ji wata mace ta yi salati.

Na miƙe. Wani ya riƙe mini riga yana dariya, ya ce, “Ina za ka? Ka zauna, kada a yi da kai a unguwa.” Na zauna. Wallahi na zauna, ƙato da ni, mai ɗaukar dilar auduga a kafaɗa, ina jin kukan ɗana ta katanga biyu. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba kafin na fizge na fita, kuma ko da na isa zaurenmu sai ƙafata ta ƙi wucewa ciki, tsakar gidan cike da mata.

A nan Baba ya fito ya same ni. Zabira a rataye, askar a naɗe cikin hannunsa na hagu, na daman ya tura shi cikin aljihu, aljihun yana motsi. Akwai ɗigon jini a bakin hannun rigarsa. Ya tsaya yana duban bango, ya ce, “Je ka tasha ka kira Bakanon nan ya zo ya ƙarasa. Rabin kan yana nan.”

Na ce, “To, Baba.”

“In mutane sun tambaye ka, kada ka bari a zagi maƙeri. Aikinsa ba shi da aibu.”

Na ce to. Tambaya ɗaya ce a bakina, amma ta ƙi fita. Na sunkuya ina neman takalmin da yake ƙafata. Sai da na kai bakin ƙofa ya yi magana a bayana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“A bayan kunne ne, jinin ya tsaya. Na gaya maka ne don na san ba za ka tambaya ba.”