Sandar Giwan Ruwa ta Surukina

Tungan Maje

Ana sallame asuba na fita. Surukina, Baba Alhaji, ya zo mana daga Yawuri, ya ce yana son sandar fatsa irin ta zamani mai iya jan giwan ruwa, kuma washegari zai koma. Ni kifi a faranti kawai na san shi, amma wa zai tsaya yi wa surukinsa tambayoyi? Na ce, "An gama, Baba." Tunda na auri 'yarsa bai taɓa aikena ba sai yau.

Karmo

Bas ta sauke ni hantsi bai yi ba. Na tare ɗan acaɓa, sai iyayi ya kama ni na yi masa Turanci, na ce ya kai ni inda ake sayar da rod. Ya yi ta kutsawa da ni lungu-lungu, ya dire ni gaban tarin ƙarafan gini.

Mai shagon ya ce, "Oga, rodi na dakin ɗin bene ko na filar gini?"

Na ce, "Na kifi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gidan kifi za ka gina?"

Da na yi bayani da Hausar da na raina, har masu dako sai da suka dara. Suka ce in nufi Jabi.

Jabi

Kusa da tafki na sami shagon wata Madam Rahila, mutuniyar Filato. Na nuna wata siririya mai sheƙi da ke rataye. Ta ce, "Wannan na karfasa ne, oga. Giwan ruwa zai karya shi, ya tafi da kai." Ta sauko da wata doguwa mai kauri, ta ba ni gindin, ta kama bakin ta ja ƙasa. Sandar ta lanƙwashe, ni ma na lanƙwashe, amma ba ta karye ba. Ina biya ta fara cewa, "Tsaya in nuna maka yadda..." Na ce sauri nake yi. Kunyar Karmo ta ishe ni, ba na son wani darasin.

Hanyar gida

Sandar ta kusa ninka tsawona. Masu tasi uku suka ƙi ni. Kwandastan da ya yarda ya ce, "Kanka a ciki, eriyarka a waje." Haka na riƙe ta ta taga har hannuna ya sage. Wajen Zuba wani Bafulatani da ke gefena ya tambaye ni wace irin saniya ake kora da ita. A shingen bincike kuwa sai da na sauka na nuna yadda ake wurga ƙugiya, abin da ban taɓa yi ba, na kuwa cire wa direba hula.

Bayan la'asar na iso, na durƙusa na miƙa wa Baba. Ya jijjiga ta, ya lanƙwasa bakin. Sai ya murɗa wani wuri, ya tura da tafin hannu. Sandar ta shige cikin kanta, ta dawo kamar muciya.

Ya ce, "Malam, a miƙe ka ɗauko ta tun daga Jabi?"

Na sunkuyar da kai. Daga kicin ina jin matata tana tarin ƙarya.

Ya ce, "Irinta nake nema. Allah ya yi maka albarka."

Wallahi daɗin da na ji ya fi ciwon kafaɗata. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Madam Rahila, ina kuma ba direban nan haƙurin hularsa.