Ɗaya Cikin Biyu Zai Tafi

Ni ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, na farkon zamani, cikin yaran da aka miƙa wa Nasara don gida bai damu da su sosai ba. Na fito da rubutu mai kyau, aka ɗauke ni magatakarda a barikin Maraɗi, ana ce mini Mushe, wato malam a bakin Faransawa. Aikina rubuta sunayen masu tafiya aikin dole, fasa dutsen hanya. Kumandan ba ruwansa da suna, adadi yake so. In ya ce goma, goma ne. Duk wanda na goge, sai na sa wani a gurbinsa.

Da ƙwan zabi aka fara. Wata tsohuwa daga Tibiri ta kawo, na goge jikanta, ban tambayi kaina jikan wa na rubuta ba. Daga ƙwai sai zabuwa, daga zabuwa sai rago.

Wata damina aka nemi mutum ɗaya daga gidan wani manomi, Bawa, a Jiratawa. 'Ya'yansa biyu ne, Tanko da Jari. Ran Litinin Tanko ya zo da rago, ya ce, "Mushe, Jari ba shi da iyali, shi ya kamata shi tahi." Ran Laraba sai ga Jari da rigar saƙi. "Na san yayana ya zo. Mi ya ba ka? In ƙara."

Kowanensu ya yi tunani daidai: tsirarsa ita ce tafiyar ɗan'uwansa. Na karɓi duka biyun, na rubuta Jari, don na riga na yanka ragon.

Jari bai dawo ba, ciwon ƙirji ya kashe shi can. Bawa ya zo bariki neman labari, ya tarar da ni sanye da rigar. A gaban kumandan ya kama wuyanta ya ce, "Uwarshi ta kaɗa zarenta." Shekara uku na yi a kaso.

Da na fito, na tafi Jiratawa neman gafara. Bawa ya rasu. Na iske Tanko shi kaɗai cikin gonar mutum biyu, rabinta ciyawa ta cinye. Bai ajiye fartanya ba.

"Gafarar mi, Mushe? Ai ni na ci wasan. Ka ga abin da na ci."

Na tuba, amma tuba ba ta ta da matacce. Yara, duk ranar da aka miƙo muku riba, ku tambaya daga hannun wa ta fito. In daga maƙwabci ne ko ɗan'uwa, ku mayar da hannunku aljihu.