Aikin Shebur a Duvu

Shekarar ƙuri'ar raba-gardama ta biyu kan makomar yankinmu ni ne tafintan kwamitinmu na Mubi, don kawai na gama midil kuma ina da keke. Shugabanmu wani akawu ne da ya yi kwas a Zariya, ya dawo ko gaisuwa sai ya yafa mata Turanci.

Wata Asabar ya kira ni ya ce, "Malam tafinta, ran Laraba babban baƙo zai je Duvu. Ka riga mu, ka ce wa mai gari a fara spadework."

Na san spade shebur ne, work kuwa aiki. Tambaya ta zama mini abin kunya, sai na hau keke.

Mai garin dattijo ne ɗan ƙabilar Gude. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ƙuri'a ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake?"

"Haka aka umarta, Baba."

Da yake ban san abin da za a haƙa ba, shi ya zaɓa: magudana a bakin hanyar da ruwa ke cinyewa duk damina. Shebur biyu ne a garin, saura fartanya. Kwana uku maza suna saran ƙasar rani, ni ina tsaye a inuwa ina duba aiki.

Ran Laraba rabin garin na kwance da ciwon baya. Da shugaba ya iso da baƙon, ya ja ni bayan motarsu.

"Share fage nake nufi. Ka bi gida-gida, ka gai da dattawa, ka shirya zukata. Wa ya ce ka yi gini?"

Kafin in amsa, baƙon ya leƙa ramin ya ce bai taɓa ganin kwamiti mai hangen nesa irin wannan ba. Nan take shugaba ya gyara hula, ya ce ai tun daga Zariya yake da tunanin. Aka miƙa masa shebur aka ɗauke shi hoto, ya riƙe shi kamar jaririn wani.

Ni kuwa aka ƙara mini girma, wai na fahimci manufa.

Kalmar ta zauna a Duvu. Shekaru bayan haka na ji wata mata tana dakan gero ga baƙin mijinta, aka tambaye ta me take yi, ta ce, "Sifedwak."